Dalilin da ya sa kiɗan nesa ke faɗowa cikin rediyo a dararen Disamba

Duk wanda ya saba murɗa akwatin rediyo da daddare ya san wannan abin, ko da bai taɓa tsayawa ya tambayi dalilinsa ba. Wurin da ba ka jin komai da rana sai "shuuu", da zarar duhu ya kankama sai ka tarar ya cika da baƙi. Wani na zuba da yaren da ba ka ji, wani na karanta labarai, can ƙarƙashinsu kuma wasu muryoyi na rera waƙa, suna tasowa suna nutsewa kamar ɗan koyon iyo. A ƙarshen shekara abin ya fi ƙamari. Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu, gidajen rediyon al'umma, wato waɗanda ba talla ce ke riƙe da su ba, irin su BBC a Birtaniya da CBC a Kanada da ɗaruruwan tashoshin da ke ƙawance da NPR a Amurka, sukan cika zangonsu da kiɗe-kiɗen Kirsimeti da na sabuwar shekara. A daidai wannan lokaci ne kuma sararin samaniya, a rabin duniya na arewa, ya fi sakin hannu wajen ɗauko sauti daga nesa. Haɗuwar waɗannan biyun ce ke hana wasu mutane barci.

Kafin a yi nisa, akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kiɗa yana iya zuwar maka daga nesa ta hanyar miƙa-miƙa: a naɗe shi a wata ƙasa, a tura ta tauraron ɗan'adam ko ta waya zuwa tashar da ke kusa da kai, ita kuma ta sake watsa maka shi tas. Haka mutanen Amurka ke jin taron waƙoƙin jajibirin Kirsimeti na majami'ar kwalejin King's da ke Kambirij, wanda aka fara a 1918, BBC kuma take watsawa tun 1928, in ban da shekarar 1930. Ana fara shi da ƙarfe uku na rana agogon Ingila, lokacin da mutumin Niyok ke ƙarfe goma na safe, kuma ba eriyarsa ce ta tsallaka teku ba, tashar garinsu ce ta karɓo masa. Haka ma kiɗan sabuwar shekara na makaɗan birnin Biyana, wanda gidan rediyo da talabijin na Ostiriya ke rarraba wa ƙasashe sama da 90 a ranar 1 ga Janairu. Wannan ba shi ne abin da muke magana a kai ba. Namu shi ne ɗaya ɓangaren: ka kamo tashar da kanka, kai tsaye daga turken da ke watsa ta, da tazarar kilomita dubu ko dubu biyar a tsakaninku, ba tare da wani ya miƙo maka ba.

To ta yaya? Igiyar rediyo ai miƙewa take yi sambal, duniya kuwa ƙwallo ce. Da a ce babu wani abu a sama, da duk saƙon da ya wuce inda ido ke ƙarewa ya bi sararin samaniya ya tafi ke nan. Wannan tambaya ta ɗaure wa masana kai a farkon ƙarnin da ya wuce, bayan da Guglielmo Marconi, ɗaya daga cikin magabatan harkar rediyo, ya ce a ranar 12 ga Disamba 1901 ya ji ɗigo uku na harafin S (a tsarin aika saƙo da ɗigo da ja) a tsibirin Niyufanlan, an aiko su daga Poldhu a kudu maso yammacin Ingila, tazarar da ta haura kilomita 3,000. A 1902 Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowa a gefensa, suka ce lallai akwai wani rufi a sama da ke maido da igiyar ƙasa. Sai a Disambar 1924 aka tabbatar: Edward Appleton ya ari turken BBC na garin Bournemouth bayan an rufe shirye-shirye da daddare, ya zauna a Okusfod yana aunawa, ya gano cewa saƙon yana isowa ta hanya biyu, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta sama daga tsayin kusan kilomita 100. Aikin nan na cikin abin da ya jawo masa lambar Nobel a 1947.

Rufin nan shi ake kira ayonosifiya. Hasken rana ne ke gina shi: yana dukan siririyar iskar da ke can sama, ya ɓantare mata ƙwayoyin lantarki, ta zama mai caji. Ka ɗauke shi kamar bene mai hawa uku. Hawan ƙasa, wanda ake wa laƙabi da D, yana tsakanin kilomita 60 zuwa 90. Na tsakiya, E, daga nan zuwa wajen 150. Na sama, F, ya miƙe har ɗaruruwan kilomita. Hawa na biyu da na uku madubi ne, suna lanƙwaso igiya su dawo da ita ƙasa can gaba. Hawan D kuwa soso ne. Igiyar matsakaicin zango in ta shige shi da rana, shanye ta yake yi, ba ta kai wa ga madubin ba balle ta dawo. Amma shi wannan soso ba ya rayuwa sai da rana. Iskar wurin ta fi kauri, ƙwayoyin da aka raba sukan sake haɗuwa nan da nan, don haka rana na faɗuwa sai ya watse. Hanya ta buɗe ke nan. Tashar da da rana iyakarta kilomita ɗari biyu ko uku, da dare sai ta yi tsalle ɗaya ta dira a wata ƙasar, wani lokaci ta sake dukan ƙasa ko teku ta yi tsalle na biyu da na uku. (Af, wannan ne ma ya sa har gobe wasu ke tababar labarin Marconi, domin da tsakar rana ya ce ya ji ɗigon nan, lokacin da soson ke kan ganiyarsa.)

Daga nan dalilin Disamba ya fito fili. A ranar 21 ko 22 ga watan ne arewacin duniya ke samun dare mafi tsawo a shekara. Abin da mai sauraro ke buƙata shi ne duhu ya rufe hanyar gaba ɗaya, daga turken watsawa har zuwa eriyarsa, kuma a wannan lokaci ne kawai ake samun sa'o'i masu yawa da Turai da gabashin Amurka ke cikin duhu tare. Ga kuma wata garaɓasar: sanyi na rage tsawa. Kowace walƙiya ƙaramar tashar rediyo ce mai watsa ƙara a kowane zango, ita ce "ƙas-ƙas" ɗin nan da ke fasa kunne a lokacin damina. In tsawa ta yi ƙaura zuwa kudancin duniya, zangon sai ya yi tsit, raunanan muryoyin da a da ke binne su ɗago kai. Su kuwa mutanen Ostireliya da Ajantina da Afirka ta Kudu, Kirsimetinsu a tsakiyar zafi take zuwa, da gajeren dare da yawan hadari, don haka nasu lokacin farautar sai wajen Yuni da Yuli, lokacin da ba mai sa waƙar bikin.

Masu wannan sha'awa da suka fi zurmawa su ne 'yan ƙasar Finlan. Sukan tattara kayansu a tsakiyar hunturu su nufi Lemmenjoki ko Aihkiniemi, can ƙuryar arewa inda rana kan yi makonni ba ta leƙo ba, su shimfiɗa wayar eriya mai tsawon kusan kilomita guda a cikin daji, kowace waya tana fuskantar nahiyar da ake hari. Irin wannan eriya sunan Harold Beverage take ɗauke da shi, injiniyan Amurka da ya fito da ita a farkon shekarun 1920. Da ita suke kamo ƙananan tashoshin Alaska da Hawayi. Yanzu ma ba sa tsayawa murɗa tasha ɗaya-ɗaya: na'urar da ke haɗe da kwamfuta ce ke naɗe zangon gaba ɗayansa, su koma gida su yi watanni suna tsefe abin da suka naɗo a mako guda.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Zangon da ke tafiya nesa shi ne zangon da ya fi cutar da kiɗa.

A Turai da Afirka da Asiya, tazarar kilohaz 9 ce tsakanin tasha da tasha a matsakaicin zango, a nahiyar Amurka kuma 10. A gajeren zango abin ya fi matsewa. Ma'ana, sautin da ke isowa kunnenka yawanci bai wuce kilohaz huɗu da rabi zuwa biyar ba, alhali kunnen matashi na iya jin har kusan 20, FM kuma tana ɗaukar 15. Ga magana wannan ba komai ba ne, wayar tarho ma da ƙasa da haka take aiki. Amma kiɗa a can sama ƙyallinsa yake: amon kuge, kaifin goge, numfashin mai busa. Duk an aske su, sai ka ji kamar ana kiɗan a ɗaki na uku an rufe ƙofa.

Wannan ma da sauƙi. Babbar masifar ita ce dusashewa. Madubin sama ba a tsaye yake ba, yana motsi kamar fuskar ruwa, kuma saƙo ɗaya yana iso maka ta hanyoyi biyu ko uku masu bambancin tsawo. In suka iso ƙafa ɗaya sai su ƙara wa juna ƙarfi, kiɗa ya cika ɗaki. Bayan daƙiƙa ashirin sai su saɓa, su kashe juna. Mafi muni shi ne lokacin da dusashewar ta zaɓi wani yanki ta bar wani. Saƙon AM, wato irin na matsakaici da gajeren zango, kamar tsuntsu yake, da gangar jiki a tsakiya da fukafukai biyu masu ɗauke da sautin. Idan gangar jikin ta nutse fukafukan suka rage, abin da ke fitowa daga sifika wani gurnani ne mai kama da ana waƙa ta cikin bututun ƙarfe. Mai karanta labarai in hakan ta same shi, ƙwaƙwalwarka za ta cike giɓin, domin ka san inda jimla ta nufa. Waƙa mai taushi ba ta da wannan gata. Taron Kambirij ɗin nan, alal misali, da muryar yaro guda ɗaya ake buɗe shi, ba kiɗa ba amshi, kuma al'adarsu ita ce ba a gaya wa yaron shi aka zaɓa sai daf da farawa. Irin wannan siririyar murya ita ce farkon abin da ƙara ke haɗiyewa. Rediyoyi masu ɗan tsada suna da wata dabara ta ƙirƙiro sabuwar gangar jiki a cikin akwatin su maye gurbin wadda ta nutse, kuma a ganina, ga mai neman kiɗa, wannan maɓalli ɗaya ya fi duk sauran ƙyale-ƙyalen da ake tallata rediyo da su.

To ina FM, wadda ita ce gidan kiɗa na gaskiya? Ita igiyarta, tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, huda madubin take yi ta wuce abinta. A rana ta yau da kullum da wuya ta haura kilomita 100 zuwa 150. Amma tana da ranakun hauka, kuma wasu daga cikinsu suna faɗowa a daidai lokacin bukukuwa. In iska ta tsaya cik na kwanaki, mai ɗumi ta kwanta a kan mai sanyi, sai a sami wani kwararo a ƙasa-ƙasan sararin sama wanda igiyar ke bi ta yi ɗaruruwan kilomita, musamman a kan teku. Wannan ya fi daɗin saurare domin yakan daɗe, har a ji kiɗa guda daga farko zuwa ƙarshe. Akwai kuma wasu gizagizai masu caji da kan taru ba zato a hawan E, su zama madubi har ga FM, su jefo tasha daga tazarar da ta kai kilomita 2,000. Babban lokacinsu daga Mayu ne zuwa Agusta, amma suna da ɗan ƙaramin zagaye a Disamba da Janairu. Wani abin sha'awa a nan shi ne, buɗewar daga ƙasan zango take farawa ta hau sama. A Amurka kuwa, tun 1945 hukuma ta keɓe daga megahaz 88 zuwa 92 ga tashoshin da ba na kasuwanci ba. Ke nan in ƙofar ta ɗan buɗu, waɗanda ke bakinta su ne gidajen rediyon al'umma da na jami'o'i, kuma a ƙarshen Disamba abin da za su watso maka kusan sananne ne.

Hanya ta uku da FM ke zuwa daga nesa ɗan ɗanɗano ce kawai. A wajen 13 da 14 ga Disamba, sannan 3 da 4 ga Janairu, duniya na ratsa ɓarɓashin duwatsun sama, abin da ido ke gani kamar tauraro ya tsinke ya faɗi. Kowane ƙwaya in ta ƙone tana barin zaren iska mai caji, shi kuma ya haska maka tashar nesa na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka ajiye rediyo a wurin da ba tasha, kana jin "shuuu", kwatsam sai gaɓa uku ta waƙa ta faɗo ta ɓace.

Duk wannan bayani na sama ne. A ƙasa kuma akwai abokin gaba da bikin da kansa ke kawowa. Wani daren ƙarshen shekara na zauna da ƙaramar rediyota na kamo wasu mawaƙa can ƙasa-ƙasa, ina lallaɓa maɓallin kamar mai zare ƙaya. Sai wani "zzzt, zzzt" ya shigo, yana zuwa yana ɗaukewa a kan ƙa'ida, kamar an sa masa agogo. Na zargi batir, na sauya. Na zargi eriya, na miƙe ta na naɗe. Har na fara tsine wa rediyon, sai na ɗaga labule na ga fitilun adon da aka rataya a gidan da ke kallonmu suna kunnuwa suna mutuwa, daidai da bugun ƙarar. Ƙananan fitilun nan na zamani da cajar waya da talabijin duk suna da ɗan akwatin sauya wuta wanda ke datsa lantarki sau dubbai a daƙiƙa, kuma masu arha a cikinsu ba a sa musu abin tace ƙara ba. Wayar da aka zagaye gida da ita sai ta zama musu eriya. Abin da na yi a daren shi ne na juya rediyon a hankali a kan teburi. A cikin kowace ƙaramar rediyo akwai wani baƙin sanda da aka naɗe da waya, shi ke kama matsakaicin zango, kuma kurma ne ta bakinsa biyu. Da na saita bakin ya kalli gidan fitilun, ƙarar ta ragu da fiye da rabi, mawaƙan suka dawo. Ban taɓa sanin ko daga wace ƙasa suke ba, domin kafin kan awa ya cika, lokacin da tashoshi kan faɗi sunansu, sun riga sun nutse.

Wannan juyi shi ne darasi na farko, kuma kyauta ne. Bayansa sai aiki da batir maimakon wutar gida, da nisantar bango mai wayoyi, da sa abin saurare a kunne. Ga gajeren zango, waya mai tsawon mita goma da aka maƙala wa eriya tana yin abin mamaki, amma in ta yi tsawo da yawa ƙaramar rediyo kan ƙware, tashoshi su hau kan juna. Kuma kada a kusanci wayar lantarki da ita, a cire ta in hadari ya taso. Da dare a nemi mita 49 da 41 da 31, da rana a koma 19 da 16. Ga FM mai rauni, a kashe sitiriyo, ƙarar za ta faɗi nan take. Sannan a kula da goshin magariba da ketowar alfijir, lokacin da soson ya watse amma madubin sama bai huce ba. Ita ma rana tana da zagayen fushi na kusan shekara 11: in ta yi zafi, kamar yadda ta kai ƙololuwa a wajen 2024, zangunan rana na gajeren zango, irin su mita 19 da 16, kan yi kyau, amma hanyoyin matsakaicin zango da ke bi ta kusa da ƙuryar arewa kan toshe.

Abin da ya fi ƙarar fitilu ciwo shi ne turakun da kansu suna ta mutuwa. Kuɗin wutar da turke mai kilowat ɗaruruwa ke sha ba wasa ba ne, masu saurare kuma sun koma FM da intanet. Gidan rediyon Kanada na ƙetare ya bar gajeren zango a 2012, na Ostireliya a ƙarshen Janairun 2017. Da yake lissafin kuɗi da ƙarshen shekara yake tafiya, rufewar ma takan zo a tsakiyar biki: a daren 31 ga Disamba 2015 Rediyo Faransa ta cikin gida da Deutschlandfunk ta Jamus suka kashe turakunsu na matsakaicin zango, bayan shekara guda cif kuma tashar France Inter ta Faransa ta yi shiru a dogon zango na kilohaz 162. Mutane da dama sun kwana suna naɗar mintunan ƙarshe. Su 'yan farauta sukan ce faɗuwar wani tashin wani, tun da in ƙaton ya bar wuri sai a ji ƙananan da ya danne shekara da shekaru. Gaskiya ne, amma ƙananan ba su cika zama masu ƙungiyar makaɗa tasu ba.

Mai tambaya zai ce, tun da kowane ɗayan gidajen nan yana intanet, kiɗan fes ba ƙas ba ƙus, me ya kai mutum wannan wahala? Hasali ma akwai rediyoyin da aka jona da intanet, kamar wadda ke jami'ar Twente a Holan, da za ka iya murɗawa daga wayarka ka ji abin da eriyar can ke ji. Ni dai ban ga laifin mai yin haka ba, in kiɗan yake so ya ji da kyau ma shi ya fi kowa dabara. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma akwai waɗanda gudun ne ya fi musu naman daɗi. Ana ma danganta asalin watsa kiɗa ta rediyo da irin wannan dare: an ce a jajibirin Kirsimetin 1906 wani injiniya mai suna Reginald Fessenden ya goga goge daga Brant Rock a jihar Masacusets, ma'aikatan jiragen ruwa da suka saba jin ɗigo da ja kawai suka ji kiɗa a kunnensu. Masana tarihi na ja da labarin, domin babbar hujjarsa wasiƙa ce da shi Fessenden ya rubuta a 1932.

Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ma'aikatan jirgin ruwa suna nan a cikin lissafin har yau. Tun 1953 gidan rediyon al'umma na arewacin Jamus, wanda yanzu ake kira NDR, yake da wani shiri na daren 24 ga Disamba da sunansa ke nufin gaisuwa ga na cikin jirgi. Iyalai ne ke aika saƙo ga 'yan'uwansu da bikin ya riska a tsakiyar teku, ana sirka gaisuwar da kiɗa. Gidan ba shi da harkar gajeren zango a sauran kwanakin shekara, amma domin wannan dare ɗaya yakan yi hayar turaku, a saita su zuwa tekun Atilantika da tekun Indiya, a sanar da mitocin tun kwanaki kafin ranar. Duk mai ƙaramar rediyo da ke kan hanyar saƙon yana iya tsintar sa, ya ji wata uwa tana kiran sunan ɗanta da Jamusanci, muryar tana tasowa tana nutsewa, kafin a sako kiɗa.